Yadda ake bambance bindigar Spencer ta asali da wadda maƙerin zamani ya kwaikwaya

Bindigar Spencer tana cikin bindigogi na farko masu harbi a jere da sojoji suka shiga yaƙi da su da yawa. Christopher Spencer ne ya ƙirƙiro ta, ya karɓi takardar mallakar fasaharsa ranar 6 ga Maris, 1860, sojojin doki na jihohin Arewa na Amurka kuma suka yi aiki da gajeriyarta a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Harsashi bakwai take ɗauka a wani siririn bututu da ke cikin ƙota, a ja hannun da ke ƙarƙashin kunama ƙasa a mayar, sabon harsashi ya hau. Kamfanin da ke ƙera ta ya durƙushe a 1869, kadarorinsa suka ƙare a hannun kamfanin bindigogi na Winchester. Amma ƙera Spencer bai tsaya nan ba. Har yau akwai masana'anta a Italiya da ke yin ta, akwai kuma maƙeran Amurka masu zaman kansu da ke sassaƙa ta ɗaya-ɗaya da hannu, wasu kuma sabon bututun harbi kawai suke ɗora wa tsohuwa.

Mai aikin gidan tarihi, ko mai bin gwanjon tsofaffin makamai a intanet, yakan fara da tambayar "ta asali ce ko kwaikwayo?" Tambayar ta yi faɗi. Spencer da yawa haɗe-haɗe ne: uwar jiki (ƙarfen tsakiya da ke haɗa bututu da ƙota) ta 1864, bututu na shekaran jiya, ƙota daga wata bindigar daban. Don haka gaɓa-gaɓa ake binta, kowace gaɓa a yanke mata nata hukuncin.

Kafin komai, a tabbatar babu harsashi

A juya bakin bindigar inda babu kowa. A gindin ƙota akwai ɗan hannun da ake murɗawa a zaro bututun harsasai. A zare shi, a karkata bindigar a ga ko wani abu zai zubo. Sannan a ɗaga guduma, wato ƙarfen da kunama ke saki ya yi duka, zuwa rabi, a ja hannun ƙasa, a leƙa ɗakin harsashi da tocila. Tsufan bindiga ba ya nuna babu komai a cikinta.

Kayan aikin ba su da yawa: tef na awo, tocila ƙarama mai haske sosai, gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, sandar goge bututu, ma'aunin kauri mai karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci, da sukudireba wadda bakinta ya cika tsagar sukurun daidai. Wannan ta ƙarshe kada a raina ta. Sukudirebar kasuwa mai tsinin baki takan zame ta yage kan sukuru, kuma sukurun da ya shekara 160 lafiya ya lalace a hannunka cikin daƙiƙa.

Mataki na ɗaya: tsawon bututu da yawan tsaga

A nan mafi yawan amsar take, shi ya sa zan daɗe a kai. A rufe bayan bindigar, a zura sanda ta baki har ta taɓa ƙarfen toshiya, wanda ke rufe bututun ta baya, a yi alama a auna. Sai a haska ciki a ƙirga tsagogin nan masu murɗawa da ke sa harsashi juyawa. Lambobi biyun nan, tsawo da yawan tsaga, a haɗe ake karanta su.

Gajeriyar Spencer samfurin 1860, wadda aka yi yaƙin da ita, bututunta inci 22 ne, wato kusan santimita 56, tsaga shida, tana cin harsashin da ake kira .56-56. Samfurin 1865 an rage shi zuwa inci 20, rami ya ɗan tsuke, harsashinsa .56-50. Idan kamfanin Spencer na Boston ne ya yi ta, tsaga shida ce. Idan kuwa kamfanin Burnside na Providence a jihar Rhode Island ne, wanda gwamnati ta ba kwangilar sama da guda 30,000, tsaga uku ce masu faɗi. Doguwar ta sojan ƙasa inci 30 ce da zobe uku a jikin bututu, ba ita muke magana ba, sai dai a sani cewa an sha yanke doguwar a mai da ita gajeriya.

Sai kuma wadda take rikita sababbin shiga: inci 22 amma tsaga uku. Mutum ya ga haka ya ce an yi ha'inci. Ba lallai ba. Bayan yaƙi, ma'aikatar makamai ta gwamnati a Springfield ta karɓi kimanin 11,000 na samfurin 1860, ta rarake bututunsu, ta zura musu sabon siririn bututu a ciki mai tsaga uku don su ci .56-50. Aikin gwamnati ne na ƙarni na 19, kuma irin waɗannan ne aka tura wa mahayan da ke yammacin Amurka. Yawancinsu an ƙara musu wani ɗan makunni a gaban kunama, ƙirƙirar Edward Stabler, wanda ke tsayar da harsasan ƙota don a riƙa ɗura ɗaya-ɗaya. A gefen hagu na ƙota kuma akan sami tambarin sufeto mai siffar ƙwai da haruffan ESA, na Erskine S. Allin, babban maƙerin Springfield.

To yaya za a raba zurin Springfield da zurin maƙerin yau, tunda shi ma yana yin wannan aikin ga bindigar da tsatsa ta cinye cikinta? A sa gilashi a duba fuskar baki. Duka biyun za a ga siririn zobe inda ƙarfen ciki ya haɗu da na waje. A tsohon aiki, zoben ya tsufa tare da sauran ƙarfen, launinsu ɗaya, ƙurajen tsatsa sun ratsa kan layin ba su tsallake shi ba. A sabon aiki, ƙarfen ciki fari ne fes a tsakiyar ƙarfen da ya yi duhu, wani lokaci da ɗan layin dalma mai toka-toka ko ɗigon gam mai tauri da ya bushe. A duba ta baya ma, wajen ɗakin harsashi, don maƙeri yakan gyara fuskar baki ya ɓoye layin amma ya bar na baya yadda yake.

Cikin ramin kansa yana magana. Albarushin da, da sinadarin da ke tayar da shi, suna jawo tsatsa, don haka da wuya a sami tsohon bututun da ba shi da ɗan dusashewa ko ƙuraje, musamman gaban ɗakin harsashi. Gefunan tsagarsa sun ɗan dakushe. Idan waje ya ci duniya amma ciki yana walƙiya da gefuna masu kaifi, to ko an zura sabo, ko bututun gaba ɗaya sabo ne aka tsufar da wajensa.

Wanda ya iya, ya auna faɗin ramin. Ana shafa mai, a tura ɗan curin dalma tsantsa mai laushi da sandar itace ko ta tagulla daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a auna shi. Samfurin 1860 yakan ba da sama da rabin inci sosai, wajen .53 zuwa .54, na .56-50 kuma ɗan sama da .51. Tsaga uku tana da wuyar awo da ma'auni na kullum, don kowane tudu kwari ne ke fuskantarsa, sai da ma'auni mai baki kamar V. In kuwa ramin ya fito ƙasa da rabin inci, na harsashin .45 Colt ko .44-40 ko .45 Schofield, magana ta ƙare: kamfanin Spencer bai taɓa ba soja gajeriyar bindiga mai cin waɗannan ba, an fito da su ne bayan ya rufe.

Mataki na biyu: a karanta rubutun saman uwar jiki

A saman uwar jiki, gaban inda ake ɗura harsashi, ta Boston tana ɗauke da layi uku: SPENCER REPEATING, sai RIFLE CO. BOSTON MASS., sai PAT'D MARCH 6, 1860. Ta Burnside ta ambaci PROV. R.I. da sunan BURNSIDE RIFLE CO., da MODEL 1865. Samun wannan rubutu ba hujja ba ne, don mai kwaikwayo ma yana iya buga shi. Yadda aka buga shi ake dubawa.

A masana'antar da, hatimi guda ne ke ɗauke da layin gaba ɗaya, don haka haruffa sun tsaya a jere, tazararsu ɗaya, ko da wani gefe ya fi wani nutsewa. Sau da yawa ma rubutun asali ba shi da zurfi, wasu haruffan sun shafe. Wanda ya bi harafi-harafi da guduma, za ka ga wani ya hau wani ya sauka, wani ya karkace. Na injin zane kuwa, ƙarshen kowane layi zagaye yake saboda bakin abin da ya yanka shi, zurfin kuma ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Na hasken lesa gindinsa shimfiɗe ne, da 'yan ɗige-ɗige ko layuka ƙanana idan aka sa gilashi. Kowanne daga cikin ukun nan ya bayyana, ba aikin Boston ba ne.

Mataki na uku: lamba biyu, sai an cire katakon gaba

Lambar bindiga tana saman uwar jiki ta baya, kusa da guduma. Irinta kuma tana ƙarƙashin bututu, inda katakon gaba ya rufe. Kamar mai sayen mota 'yar Kwatano ne da ke duba lambar inji da ta jikin mota: in sun saɓa, an yi canji. Gajerun samfurin 1860 lambobinsu sun faro daga wajen 11,000 zuwa wajen 61,000. Samfurin 1865 ya sake farawa daga 1, Burnside ma da nasa jerin daban, saboda haka lamba ɗaya tana iya fitowa a bindiga fiye da ɗaya, dole a haɗa ta da samfuri.

A nemi izinin mai ita kafin a kwance. A cire sukurun katakon, a danne ɗan ƙarfen da ke riƙe zobe, a zame zoben gaba a hankali, a ɗaga katakon ba tare da an lanƙwasa shi ba. Abin da ke ƙarƙashin nan shi ne wurin da maƙerin kirki yake barin sunansa. Da yawa daga masu yin bututu na musamman a nan suke buga suna ko haruffan sunansu, da girman harsashi, wani lokaci da shekara, don kada su ɓata kamannin waje. Masu wasan kwaikwayon yaƙin basasa ma sukan kai bindigar zamani a goge mata rubutun masana'anta daga sama a mai da shi ƙasa, don ta yi kama da ta da a fili. Su ba da niyyar cuta suke yi ba. Cutar tana zuwa ne bayan bindigar ta sauya hannu biyu ko uku, labarinta ya ɓace, wani ya kai ta gwanjo da sunan ta yaƙi.

A shafa yatsa a bututun kusa da uwar jiki. Inda aka goge rubutu da magagari yakan bar ɗan kwari ko fili a jikin da ya kamata ya zama zagaye. A ɗora rula ta ƙarfe a haska ta baya, haske zai ɓullo ta wurin.

Mataki na huɗu: a fitar da ta masana'anta daga lissafi

Wannan mai sauƙi ne. Spencer ta zamani da ta fi yawa ita ce ta Armi Sport, wato Chiappa, a yankin Brescia na Italiya. Dokar Italiya ta tilasta gwajin kowace bindiga a ma'aikatar gwaji ta Gardone Val Trompia, don haka za a ga tambarin gwaji, a kan waɗanda aka gwada a shekarun baya kuma da haruffan PSF ƙarƙashin tauraro, da haruffa biyu cikin ɗan akwati masu nuna shekara: BZ shekarar 2005 ce, CA kuma 2006. Ko an goge waɗannan, zaren sukurorinta na awon milimita ne, sukurun asali ba zai shiga raminsa ba.

Akwai kwaikwayon da shi kansa tsohon kaya ne. A 1873 kamfanin Falisse & Trapmann na Liège a Beljiyam ya ƙera wa Birazil gajerun Spencer. Suna ɗauke da tambarin gwajin Liège, haruffan ELG cikin siffar ƙwai. Ba na Boston ba ne, ba kuma jabu ba ne.

Mataki na biyar: hannun maƙeri ɗaya

Idan babu tambarin Italiya, babu na Beljiyam, kuma ƙarfen bai yi kama da tsoho ba, to ana gaban aikin maƙeri mai zaman kansa. Sunan da ya fi fitowa a wannan fanni shi ne Romano Rifle Company na jihar New York, wanda ya yi suna wajen ƙera Spencer kaɗan-kaɗan ga masu gasar harbi na ƙungiyar North-South Skirmish Association. Dokar Amurka tun 1968 ta wajabta wa mai lasisin ƙera bindiga ya buga sunansa da garinsa da jiharsa da lamba. A neme su ko'ina: ƙasan bututu, cikin uwar jiki, bayan farantin guduma. Lamba 'yar ƙarama mai adadi biyu ko uku a bindigar da ta yi kyau fiye da kima alama ce ta ƙaramin shago.

A ja hannun ƙasa a leƙa cikin uwar jiki. Injin zamani mai aiki da kwamfuta yana barin sawu masu zagaye-zagaye, a jere kamar an auna, kusurwoyin ciki kuma duk lanƙwasarsu ɗaya. Tsohon aiki yana da sawun inji miƙaƙƙu da na magagari inda aka daidaita gaɓa da gaɓa, da ƙananan haruffa ɗai-ɗai na sufetoci a jikin sassa. Ƙananan sassa irin su guduma da zobe da kunama, in zubi aka yi su, za a ga siririn layi inda mazubin ya haɗu da ɗan kaushi-kaushi a wuraren da ba a goge ba. Na asali da dukan maƙera aka ƙera su aka sassaƙe.

Launi ma a lura. Uwar jikin Spencer an ƙona ta ne ta fito da dabbare-dabbaren shuɗi da toka, bututu kuma shuɗi. Bayan shekara 160 yawancin wannan launi ya koma toka ko ruwan ƙasa, sai a lungunan da hannu ba ya kaiwa. Mai launi rangaɗau ko'ina, ko sabuwa ce ko an sake mata wanka. In an sake wa tsohuwa wanka, rubutunta ya shafe, gefunanta sun dakushe, bakin ramukan sukuru ya lotsa. In sabuwa ce, komai da kaifinsa.

Wani abu da mutane ke saurin yanke hukunci a kansa shi ne ƙarfen toshiya. Harsashin Spencer na asali a gefen gindi ake dukansa, shi ya sa madokin yake gefen dama. An daina yin irin wannan harsashi tuntuni, don haka masu son harba tsohuwar bindigarsu suna sayen sabon ƙarfen toshiya mai duka a tsakiya su sa a madadin na asali. Ganin madoki a tsakiya yana nufin wannan gaɓar sabuwa ce, bai ce komai game da sauran ba. A tambayi mai ita ko ya ajiye tsohon, don yana ƙara mata daraja.

Haka nan Spencer mai kaurin bututu mai kusurwa takwas. Tun a ƙarni na 19 maƙera irin su J.P. Gemmer na St. Louis, magajin shagon Hawken, suna ɗora wa rarar Spencer na soja irin wannan bututu don mafarauta. Maƙeran yau suna kwaikwayon salon nasa sosai, a kan tsohuwar uwar jiki ma. A ganina nan ne aka fi yin asara, domin rabin bindigar gaskiya ne. A koma kan bututun da duk abin da aka faɗa a mataki na ɗaya da na biyu.

Mataki na shida: katako da sawun amfani

Ƙotar asali ta baƙin itacen walnat na Amurka ce. Tsohon katako ya sha mai ya yi baƙi inda ya haɗu da ƙarfe, ya ɗan tsuke, sau da yawa da tsaga a tsaye gefen da bututun harsasai ya ratsa, don wurin siriri ne. A cikin ramukan da aka fafe wa ƙarfe, launin ya yi duhu har ciki. Sabon katako ciki fari ne, ko an shafa masa launi ya tsaya a sama, wani lokaci da gam mai tauri da aka cike giɓi da shi. Tocila mai hasken shuɗi irin ta duba jabun kuɗi takan tona gam ɗin.

Sai a duba gefen hagu, inda zoben rataya yake a kan ɗan sandan ƙarfe. Mahayi yana rataye bindigar ne ta wannan zobe, tana kaɗawa a cinyarsa wata da watanni, don haka zoben ya ci sandan, ya bar sawu a uwar jiki da katako. Tsufan gaskiya yana bin inda hannu da sirdi suke taɓawa. Wanda aka yi da asid ko ruwan gishiri ya bazu ko'ina daidai wa daida, ko kuma ya tsaya cak inda katako ya fara rufewa, ƙasansa ƙarfe sabo.

Mataki na bakwai: a rubuta, a gwada da littafi

A ɗauki hoton kowane rubutu da tambari da hasken da ya zo ta gefe, a rubuta awon da aka samu, gaɓa-gaɓa: uwar jiki, bututu, ƙarfen toshiya, ƙota, ƙananan sassa. Littafin Roy Marcot a kan bindigogin Spencer shi ne abin da masu tara su suka fi komawa gare shi don gwada tambari da jerin lambobi. Idan sunan maƙeri ya fito kuma shagon yana nan, a aika masa lambar, ƙananan shaguna sukan tuna aikinsu. Kada a ɗauka cewa fitowarta aikin hannu na zamani ya zubar da kuɗinta, mai kyau daga cikinsu takan kai farashin ta asali mai matsakaicin hali. Sunan da za a sayar da ita da shi ne kawai ya canza.

Bambancin ya shafi doka ma. A Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan tana cikin kayan tarihi, amma sabuwa mai cin .45 Colt bindiga ce kamar kowace, da duk takardunta. A Najeriya kuwa kada a dogara da tsufanta: Dokar Makamai ta 1959 tana neman lasisi, shigo da ita kuma sai da izini.

Wanda ke da niyyar harba ta, ya bari maƙerin da ya san irinta ya zuba narkakken ƙarfen awo a ɗakin harsashi ya tabbatar da girmansa, don an sha samun bututun da rubutunsa daban raminsa daban. Tsohon ƙarfe baƙin albarushi kaɗai ake ba shi. In kuma an mai da ita mai duka a tsakiya, harsashi mai shimfiɗaɗɗen kai ake jerawa a ƙota, domin mai tsini yana zaune ne a kan gindin na gabansa, girgizar harbi tana iya tayar da shi a cikin katakon da ke manne da kumatun mai harbi.